Ƙafar da Ba Ta Jin Wuta

Ranar da Gwaggo Yalwa ta fara taka shinkafa mai tururi ba takalmi, ni ce na rangaɗa mata guɗa. Da wannan na fara don kada wani ya ɗauka hannuna a wanke yake cikin abin da ya same ta.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da gidan Tukur a Jega, da 'yar ƙofa da mata ke ratsawa. Tukur shanshera yake sarowa, wato shinkafa da ɓawonta, daga Jandutsi da Mungadi. Matarsa Hamsatu ke turara ta a tsakar gida kafin a kai inji. Gwaggo Yalwa ƙanwar mahaifinsa ce. Ita ta goye shi bayan uwarsa ta rasu, ita kuwa Allah bai bar mata nata ba. Da mijinta ya rasu a Maiyama ta dawo gidan ubanta, aka ba ta ɗakin da ke kusa da murhu.

Aikin shinkafa ba wuya gare shi ba sai jira. A jiƙa ta ta kwana, a zuba a durom a hura wuta har ɓawon ya tsage, a juye kan siminti. Daga nan dole a tsaya ta sha iska kafin mata su shiga su baza ta da ƙafa, don a lokacin ko hannu ba ya iya kusantarta. Wannan jiran ke cinye rana. Durom biyu ake saukewa a wuni, in an yi sammako.

Ranar nan cikin bazara, an juye durom ke nan, tururi na tashi, Gwaggo ta fito daga makewayi da butarta. Idonta na kan akuyar da ke shirin tsoma baki a baho. Ta ratsa ta tsakiyar tulin shinkafar, har ta tsaya a ciki tana kora.

Hamsatu ta kurma ihu. "Gwaggo! Wuta! Hito!"

Gwaggo ta dubi ƙasa. Shinkafa ta rufe mata ƙafafu har idon sawu. Ta ce, "Ikon Allah. Ni dai ban ji komai ba."

Tukur na zaure, ya shigo da gudu. Da ya ji abin da ya faru sai ya tuntsire da dariya yana buga cinya.

"Gado na! Ku mi kuka tsammani? Ɗiyar maƙera ta! Kakana da hannu shika ɗaukar jan ƙarhe ranar wasan wuta, shi lasa da halshe. Wuta ba ta cin jininmu."

Gaskiya ne asalinsu maƙera ne, ko da yake an rufe maƙerar tun Tukur na yaro. A nan ne na yi guɗar. Gwaggo ta yi murmushi, ta shiga jan ƙafa cikin shinkafar tana baza ta. Tsohuwar da ta shekara biyu a gidan ba a tuna ta sai an zo rabon tuwo, yau ga matan unguwa na leƙowa ta kan katanga suna kallonta. Wa zai ƙi?

Washegari ba a jira shinkafa ta sha iska ba. Ana juyewa Hamsatu ta ce, "Ina ɗiyar maƙera?" Ranar durom uku aka sauke, jibinta huɗu.

Bayan kamar mako biyu na shiga ɗakinta da azahar, na same ta tana kwankwaɗar ruwa a moɗa. Ta shanye, ta sake cikawa. Ta rame har zaninta na zamewa.

Ta ce, "Luba, jawo ƙyauren ga. Ina son in gaya miki wata magana."

Na rufe.

"Ni ban taɓa shan maganin wuta ba. Baba bai ba ɗiya mata, maza ɗai aka ba. Ina budurwa garwashi guda yat taɓa ni, ga tabon nan ga hannuna."

"To ƙaƙa anka yi, Gwaggo?"

"Ƙahwahun ga na sunka mutu. Tun bara nika jin kamar tururuwa na yawo cikinsu. Sai sunka koma kamar ina taka auduga. Ran nan nit tai gidan suna, sai da nid dawo anka ce mini takalmina guda. Ɗayan ya zame ga hanya ban sani ba."

Ta ɗaga mini tafin ƙafar dama. Bororo ne fari, faɗinsa kamar bakin moɗa, gefe ɗaya ya fashe yana ruwa.

"Kin gaya ma Tukur?"

"Na hwaɗa mai. Ya ce tsuhwa na."

Da yamma na aika a kira mini Amatullahi, ɗiyar yayana, wadda ke aiki a ƙaramin asibitin unguwa. Ta zo da 'yar jakarta. Ta sa Gwaggo ta rufe ido, ta zari tsinken tsintsiya tana tsikarar tafin ƙafar wuri-wuri, tana tambaya ko ta ji. Gwaggo tana ta cewa, "Soma mana, ɗiyata." Alhali an gama. Sannan ta huda mata yatsa, ta ɗiga jinin a wani ɗan inji. Da lambar ta fito na ga fuskarta ta sauya.

Ta sami Tukur a zaure yana ɗinke bakin buhu, ga ledojin ruwa huɗu da ya shanye yashe a gabansa. Ni ina bayan labule ina ji. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba Tukur, Gwaggo ciwon suga gare ta, kuma ya daɗe. Shi yak kashe mata jin ƙahwa. Wuta na cinta, ji na ɗai ba ta yi. Miki ga mai suga ba shi warkewa da sauƙi. In ba a kai ta babban asibiti Birnin Kebbi cikin kwanan ga ba, ƙahwag ga ana iya rasa ta."

Tukur bai ɗago ba. "Suga? Ciwon alhazai masu shan shayi da madara? Gwaggo da ba ta san komai ba sai tuwo da kunu, ina tag ga suga?"

"Ba sai an sha ba, Baba. Shina bin jini. Ku ma ya kamata a gwada ku."

"To, likita bokan Turai. Ke kinka hi kakannina sani. Ki bari a ƙare aikin ga kahin ruwa shi sauka. In damina ta kama, wa ka shanya? Sai in kai ta duk inda kinka ce."

"To aƙalla ta bar taka wuta. Ta sa takalmi."

Hamsatu ce ta amsa daga tsakar gida. "Takalmi cikin abinci? Wa ka sayen shinkahwar da anka taka da takalmi? Kuma mu ba mu sa ta dole ba, ita ka so. Tsohuwa in ta zauna jikinta ka mutuwa."

Nan suka fi kauri, a kan cewa ita ke so. Ba wanda ya taɓa ɗaga mata murya. Abin da ake yi kawai, in an juye durom sai Hamsatu ta tsaya bakin ɗakinta ta ce, "Gwaggo, shinkahwa na jiran mai ita. In ba ki iyawa ba komai, mu dai asararmu ta." Wadda ke cin tuwon gidan da ba na ɗanta ba, ai ta san fassarar wannan magana. Sai ta dafa bango ta miƙe.

Amatullahi ta wanke mikin ta ɗaure da bandeji, ta bar mata ƙwayoyi. Kwana ɗaya bandejin ya yi, tururi ya jiƙa shi. Da mikin ya fara ɓata shinkafa da jini da ruwa, Hamsatu ta yi dabara. Ta samo baƙar leda ta zura ƙafar ciki, ta ɗaure da tsumma a idon sawu. Takalmi ƙazanta ne, leda tsabta ce. Haka Gwaggo ta ci gaba da shiga tururi da gyambo a cikin leda, daga hantsi har la'asar. In an kwance da yamma, fatar ta yi fari fat, ta yi taushi kamar dafaffen rogo.

Na yi magana, kada a ce ban yi ba. Na ce wa Hamsatu, "Ki ji tsoron Allah, matag ga dahwa ta kukai." Ta ce in ina da tausayi haka in zo in taka mata. Na je kuwa, na tuɓe takalmi na sa ƙafa ɗaya. Ban san lokacin da na yi tsalle na faɗa kan turmi ba. Matan gidan suka yi ta dariya. Kwana uku ina ɗingishi, a kan abin da Gwaggo ke yi sau huɗu a rana.

Na tare Tukur a ƙofar gida na ce ya shiga ya dubi ƙafar da idonsa, sau ɗaya tak.

Ya ce, "Malama Luba, ni ban iya kallon miki, zuciyata tashi takai. Na sai mata man kaɗe, na sai mata zuma. Mi kika so in yi kuma? Uwata ta, ba taki ba."

Zumar ma, a kunu aka riƙa dama mata.

Sati uku bayan zuwan Amatullahi, babban yatsan ya yi baƙi. Ƙudaje suka gano ɗakin. Hamsatu ta ce warin na shiga shinkafa, masu saye za su ji, aka kwashe kayan Gwaggo aka mai da ta ɗakin ƙarshe kusa da garken awaki. Amma warin bai hana a kira ta in an juye durom ba, sai dai aka ƙara leda ta zama biyu. Gwaggo ta daina hira. Wata rana na kai mata fura na same ta tana kallon ƙafar kamar ta wani.

Ta ce, "Luba, da tana ciwo da na yi kuka sun ji. To ba ta ciwo. Mi zan ce musu?"

Amatullahi ta sake zuwa, ta ga yatsan, ta fita tana hawaye ta je ta kai ƙara wurin limamin unguwa. Liman ya yi wa Tukur magana bayan sallar asuba a gaban mutane. Kunya ta kama shi, amma ba irin wadda ke kai mutum Birnin Kebbi ba. Ya ce ai dama yana da lodin albasa a Aliero ranar Laraba, zai tafi da ita wurin masu ɗori. Duk ƙasar nan wa ya kai Aliero sanin ƙafa?

Na bi su. Aka sa mu a gaban motar, ƙafar Gwaggo na kan cinyata, direba ya ɗaure hancinsa da rawani. A Aliero aka kai mu wurin wani tsohon maɗori, rumfarsa cike da masu karaya. Tukur ya tsaya daga waje wai yana amsa waya. Tsohon ya kwance tsumman a hankali. Ya daɗe yana kallo, ya latsa ƙaurin da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ya mai da tsumman ya rufe, ya sa aka kira Tukur.

"Kai ad da mara lahiya?"

"Ni na, Baba."

"Mu ƙashi muka ɗorawa. Ƙashinta lahiya lau. Wagga ƙahwa ruɓewa takai, kuma abin hawa shikai sama. Ba aikina na ba, wanda duk yac ce maka aikinai na ƙarya shikai. Daga nan ku wuce asibiti. Kada ku biya gida ko shan ruwa."

Tukur ya ce, "To, Baba." Ya yi godiya har da rusunawa.

Muna fita ya ce albasa ba ta kwana a rana. Aka yi lodi, muka dawo Jega, Gwaggo na gyangyaɗi jikinta zafi rau. A hanya na ce masa, "Ba ka ji abin da tsohon ga yac ce ba?" Ya ce saura buhu ashirin na shanshera da aka riga aka jiƙa, in ba a turara ba tsira za ta yi. Kwana huɗu kacal. Ya rantse da Allah.

A kwana huɗun nan Gwaggo ba ta iya tsayuwa ita kaɗai. Na so a ce nan abin ya tsaya. Ranar Juma'a hadari ya haɗu gabas, ga durom biyu a kan wuta. Na leƙa ta ƙofar katanga na ga Hamsatu ta kama ta ta hammata ɗaya, 'yar aikinta ta kama ɗayar, su suna tsaye a gefen siminti, ita tana tsakiyar tururi tana jan ƙafa. Kanta ya langaɓe. Hamsatu na cewa, "Sannu ɗiyar maƙera, saura kaɗan." Ban taɓa jin kirari ya yi muni a kunnena irin na ranar ba. Na shiga na rungumo ta na fitar, na zagi Hamsatu zagin da har yau ba mu gaisawa.

Ruwan farko ya sauka ranar Asabar. Aikin shanya ya ƙare. Ranar Lahadi Tukur ya cika alkawari, ya samo mota, don shi mutum ne mai magana ɗaya. A lokacin Gwaggo ba ta san wanda ke kanta ba, tana kiran sunan yayanta Ummaru, uban Tukur, wanda ya shekara goma a kabari.

Likitan da ya duba ta a Birnin Kebbi bai yi faɗa ba. Ya tambayi yaushe mikin ya fara, na faɗa masa. Ya ce da an zo a lokacin, wanki da magani ne. Da an zo da yatsan ya fara baƙi, yatsan kaɗai za a cire. Yanzu kuwa zaɓi biyu ne, ƙafar ko ranta. Tukur ya sa hannu a takarda yana cewa, "Ƙaddara ta riga hwata." Na ce a raina, ƙaddara ba ta ɗaura wa kowa leda ba.

Aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Washegari da hantsi aka miƙa wa Tukur ƙafar a naɗe cikin farin ƙyalle, don gaɓar Musulmi ba a yar da ita, binnewa ake yi. Ya karɓa da hannu biyu ya nufi maƙabarta. Ni na zauna jinya a kan tabarmata gefen gadon.

Kafin azahar Gwaggo ta farfaɗo sosai. Ta ɗaga mayafi ta dubi inda ƙafar take da, ta mayar ta rufe. Ba ta yi kuka ba. Can ta ce, "Luba, abin mamaki. Yanzu nika jin tana ƙuna."

Sai ga Tukur ya dawo, ƙura har gwiwa, da ledar ruwa a baki. Ya tuɓe silifas ɗinsa a bakin tabarmata, sai da ya fizgi na hagu kafin ya fita daga ƙafarsa. Ya tako ya durƙusa kusa da gadon.

"Sannu, Gwaggo. An yi mata sutura, har addu'a munka yi."

Ta dube shi. "Ka duba ta?"

"Na'am?"

"Ƙahwar. Kahin ka sa ta rami, ka buɗe ka gani?"

Ya sunkuyar da kai. "A naɗe anka ba ni, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai. Idonta ya sauka kan tabarmar, ya tsaya. Na bi inda take kallo. Daga bakin tabarma zuwa inda ya durƙusa, sawu uku ne na jini, duka na ƙafar hagu. Na jawo silifas ɗin. Ƙasansa ya huje, cikinsa ya jiƙe jajir.

"Tukur, mi yas same ka ga ƙahwa?" in ji ni.

Ya waiwaya yana mamaki. "Ni? Ba komai."

Gwaggo ta yunƙura, na tallafe ta da matashi. Ta ce, "Miƙo ta nan."

"Gwaggo, ki kwanta, ke ab ba ki da lahiya."

"Na ce miƙo ta. Ni ina iya kallon miki."

Ya miƙe, ya dafa ƙarfen gado, ya ɗora ƙafar a kan katifa. Akwai fili a wurin, don nan tata take jiya. Ta kama ta da hannu biyu ta juya tafin, kamar yadda na tabbata ta sha yi masa yana yaro. Ƙayar aduwa ce, doguwa, ta ratsa takalmin ta nutse a tsakiyar tafin, ɗan gindinta kawai ke waje. Da ita ya tako tun daga maƙabarta har bakin titi, da ita ya hau matakalan asibiti.

Ta sa farce ta zare ta. Jini ya biyo. Tukur yana kallo, ko gezau.

"Ka ji?"

Ya ce, "Ban ji ba, Gwaggo."

"Na sani." Ta danne wurin da gefen zaninta. "Kai kac ce gado na. To, ba ka yi ƙarya ba."

Ledar ruwan ta faɗi daga hannunsa. Ya buɗe baki zai yi magana, ba ta ba shi dama ba. Ta juyo gare ni, hannunta na riƙe da ƙafarsa gam.

"Luba, kira mai likita. Yanzu. Kada ki bari shi ce sai bayan kasuwa."